Tsohon da Ya Kwanta a Ƙarƙashin A-kori-kura

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Baba Mai Salansa ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jawo tukunyar gas, ya shimfiɗa kwalin nan nasa da ya sha baƙin mai. Duk motar da aka kawo sai ya kwanta a ƙarƙashinta, ya bi bututun hayaƙi da ido tun daga inji har wutsiya. Tambayarsa ta farko ga mai mota ba ta sauyawa: "Me kake ɗauka a baya?" Da amsar yake zaɓa wa mutum salansa. Yanzu wutar walda ta ci rabonta a idonsa, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba ya son yabo, amma yau sai dai ya yi haƙuri.

Maƙwabtan rumfar ba su manta ranar da mijin 'yarsa ya zo ba. Direba ne, yana da a-kori-kura mai rufin tamfol. Ya daɗe yana son salansa mai ruri irin wadda samari ke yayi, ya kuma san Baba ba zai ɗaura masa ba, sai ya kai wani wuri aka sa masa gajeriya mai ƙyalli. Ran nan ya kwaso iyali za su yi doguwar tafiya: matarsa a gaba da jariri, manyan yaran a baya cikin tamfol tare da kaya. Sallama kawai ya tsaya yi, ko injin bai kashe ba.

Da aka gaisa, Baba ya zaga baya ya ɗaga tamfol don ya tsokani jikarsa.

"Ina amaryata? Yau ko kallon angonki ba za ki yi ba?"

Yarinyar da kullum take ce masa tsoho mai warin ƙarfe, da kyar ta ɗago kai. "Kaka, kaina ke ciwo." Ƙaninta kuwa sai hamma yake yi. Baba ya sunkuya ya leƙa. Sabon bututun bai kai wutsiya ba, a tsakiyar bodi ya ƙare, daidai inda tsatsa ta huda ƙarfen da yaran ke zaune a kai. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya ce su sha iska.

To, suruki ne fa, ga kuma mutane. Baba bai taɓa ɗaga masa murya ba.

"Malam, hayaƙi na shiga wurin yaran nan. Da ka bari na ƙara tsawon bututun."

"Baba, sabuwa ce fil, jiya aka sa. Sammako ne ya dame su. In mun dawo zan kawo ta, in Allah ya yarda."

"Hanyar da nisa."

"Za mu ɗan ɗage tamfol. Kai yara, ku hau, rana na yi!"

Ya shiga mota ya ja ƙofa. Baba ya juya cikin rumfa. Ya ɗauki kwalinsa, ya tura ƙarƙashin motar, ya bi shi ya kwanta, kansa dab da tayar baya, injin yana ta ruri. Mai faci ya saki abin da ke hannunsa. 'Yar Baba ta fito a guje da jariri a kafaɗa.

"Baba, za ka ƙone! Don Allah ka fito!"

Muryarsa ta fito daga ƙasa, babu faɗa a cikinta: "In tafiyar ta zama dole, bisimilla. Ni dai nan ne wurin aikina."

Surukin yana zaune, hannunsa a kan giya, fuska murtuke. Layin ya yi cirko-cirko, kowa na tsoron ƙafarsa ta zame. Bututun ya lashi damtsen Baba, aka ji ƙaurin fata, bai motsa ba. Can sai surukin ya kashe injin.

"A miƙo mini zarto," in ji Baba.

Ya ƙara bututun har ya wuce bodi ya karkata gefe, ya ɗaura tukunyar salansa mai rage ƙara, ya toshe hujin. Rurin da aka sayi salansar dominsa ya tafi. Surukin ya ja motarsa ba ko sallama, ya yi watanni ba ya bin layin. Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai, amma da aka yi masa maganar sai ya ce, "Gara ya yi fushi da ni yana da 'ya'yansa."

Baba, kai ne ka zaɓi ɓacin ran suruki a kan zaman makoki. Kai ne mai tambayar wa ke baya kafin ka tambayi wace salansa ake so. Mun gode, Allah Ya saka, Ya sanyaya idanun nan. Ku kuma masu walda, da ku masu neman salansa mai ruri, ku riƙe tambayarsa, ku leƙa inda bututu ya ƙare kafin ku ɗora 'ya'yan mutane.

Tabon yana nan a damtsensa. Amaryar tasa ta girma, har yau tsoho mai warin ƙarfe take ce masa, kuma ita ce za ta riƙo hannunsa zuwa gida ranar da zai rufe rumfar.