Shekarar da Baba Ya Ƙi Sa Hannu

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, shekarar da nake aji huɗu, zazzaɓi ya hana ni zuwa makaranta. Ina zaune a tsakar gidanmu na Yakasai ina tsince wa Umma shinkafa, sai ga Baba ya shigo da kwali a ka, takalminsa duk taɓo, mutumin da ba ya dawowa sai bayan la'asar. Ya dire kwalin, littattafai ne da farar rigarsa ta aiki, ya ce wa Umma, "Sun ce in zo gida in huta." Ko zama bai yi ba, ya shiga kai-kawo daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure har aka kira azahar.

Baba masanin kimiyya ne, aikinsa auna ruwan sha. Sai da na girma na san abin da ya faru. Ya auna rijiyoyin wata unguwa da ke bayan wata masana'antar jima, ya tarar da guba a ciki. Manyansa suka kawo masa takardar da ke cewa ruwan lafiya lau, ya ƙi sa hannu, ya kuma rubuta wa jarida. Zamanin mulkin soja ne. Kafin a yanke gero, wasu mutum biyu suka yi sallama da shi a zaure, suka tafi da shi da silifas ɗin alwala a ƙafarsa.

Ni abin da ya fi damuna a lokacin, gidanmu ne da ya yi tsit. Da, in mun taso daga islamiyya, a tsakar gidanmu 'yan matan lungu suke zana 'yar gala-gala da gawayi, mu yi carafke har hannu ya yi ja. Yanzu ko ƙawata Bilki ta leƙo, sai in ji babarta ta ƙwala mata kira ta kan katanga. In na kai niƙa, mata su yi shiru sai na wuce. A makaranta aka sa mini suna 'yar fursuna, na yi dambe sau biyu, aka yaga mini hijabi.

Bayan babbar Salla aka sako shi, ya rame, yana tari. Mun zaci zai kwanta ya huta. Ashe a can ya haɗu da mutanen da suka shekara da shekaru a tsare ba su taɓa ganin alƙali ba, kuma da yake an hana shi takarda, sai ya haddace sunayensu da garuruwansu kamar hadda. Kullum da sassafe ya fita neman danginsu, daga tasha zuwa kotu, daga kotu zuwa wajen lauya. Zaurenmu ya cika da tsofaffi 'yan ƙauye, ni ce mai wanke kwanukansu. A tsaye yake cin tuwo.

Wata rana na kai masa ruwa, haushi ya ci ni, na ce, "Baba, me ya sa kai ba za ka yi shiru kamar baban kowa ba?" Umma ta ɗaga muciya, ya tare ta. Ya juyo gare ni ya ce, "Na gwada, Hadiza. Kwana uku takardar nan ta yi a aljihuna. Duk ruwan da uwarki ta miƙo mini sai in kasa haɗiyewa."

Sau biyu aka sake kama shi, kuma har ya rasu ba a mayar da shi aiki ba. Rijiyoyin nan an rufe su daga baya, ba wanda ya ambaci sunansa. Amma ranar jana'izarsa lungunmu bai ɗauki jama'a ba, yawancinsu fuskokin da ba mu sani ba, wani dattijo ya zo tun daga ƙasar Borno.

Yau an shafe lungun da siminti, yaran gidan suna ɗaki da waya a hannu, ruwan leda muke sha ba mai tambayar inda aka ɗebo shi. Na girmi Baba na wancan lokaci, ina da ofis da kujera mai laushi, na ga abubuwa da yawa na kau da kai. Ni na iya shirun da na roƙe shi ya yi, kuma har yau ban sami hutun da na zaci yana cikinsa ba.