Karyar Wana da Ɗan Akuyar Maƙwabci

A shekarun da motocin siminti suka fara bin hanyar Malbaza, wana yana da karyar farauta a ƙauyenmu, kusa da Bazaga. Doguwa ce, mai faɗin ƙirji da siririn ƙugu. Zomon da take kamawa ne naman miyar gidanmu. Ni kuwa ba ni da sana'a sai ba'a. Lakwal ma, makarantar boko, da aka kai ni, malamin da kansa ya rako ni gida.

Wata rana suka dawo daga daji da tsakar rana, karyar tana haki. Matar wana, don tausayi, ta tura mata ƙwarya cike da jiƙaƙƙiyar dusa da sauran wake. Ta lashe tas, ta ruga kwamin rijiya ta sha ruwa har ta gaji. Daga baya ne wana ya bar ba kare abinci yana cikin haki, sai ya huce, shi ma kaɗan-kaɗan. Ranar dai ba wanda ya san haka.

Kafin la'asar cikinta ya kumbura tim. Ta kwanta ta tashi, ta kasa zama wuri ɗaya, tana yunƙurin amai ba abin da ke fita sai kumfa. Ranar kuma ɗan akuyar maƙwabcinmu ya ɓace. Da maƙwabcin ya leƙo ya ga cikin nan, ya sa ihu.

"Ga ɗan akuyata nan ciki! Wallahi ga shi nan!"

Aka ja ta ƙofar mai gari, aka ɗaure a turke. Wana ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ciwo ne. A bar ni in sa ta a amalanke in kai ta Konni wurin likitan dabbobi."

Maƙwabci ya ce, "Ka kai ta ta amayar da shaida a hanya? Nan za ta yi, mu ga gashi."

Mai gari ya ce a taɓa cikin a ji. Dattawa suka dubi yawun da ke zuba, kowa ya tuna yana da alwala. Sai aka ce a kira ni, tunda tawa alwalar ba ta taɓa kai sallah biyu ba. Na ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya amsa kamar ganga. Na ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari fat.

Na ce, "Baba, iska ce. Nama ba ya irin wannan ƙara. Kamar ta akuyar da ta ci ɗanyar harawa."

Wurin ya kece da dariya. Wani ya ce, "Ƙara bugawa mu taka rawa!" Wani ya ce, "Yau kuma likita ka zama?" Na rantse, suka ƙara dariya, don da irin wannan rantsuwar na taɓa sayar wa ɗayansu makahon jaki.

Haka aka zauna ana jiran amai. Mai gyaɗa ta zo ta yi ciniki. Yara suna tsokanar cikin da kara don su ji ƙarar. Karyar tana duban wana, ƙafafunta na rawa, har suka kasa ɗaukarta. Shi kuwa an riƙe masa hannuwa. Kafin magariba ta mimmiƙe.

Maƙwabci ya ce duk da haka sai an gani. Ya ba wana wuƙa, ya ce mai kaya shi ke buɗe kayansa. Wana ya tsaga. Iska ta fito fuuu, da wari, aka ja baya ana toshe hanci. Dusa ce da wake, ko silin gashi babu.

Maƙwabci ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, ya tofar da yawu.

"To, ba ita ba ce. Wa ke da kare kuma a unguwar nan?"

Aka ce gidan maƙeri. Jama'a suka ɗunguma can, yara a gaba, aka bar wana a tsugune yana kwance igiyar daga wuyanta.