Siririyar Wayar da Na Fere

A garejinmu na Kafanchan, wajen ƙarshen shekarun casa'in, duk motar da ta shigo daga Kwatano akwai abin da muke yi mata tun mai ita bai gama murna ba. Bakanike zai cire tamosta, abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, ni kuma mai wayarin in haɗa fankar lagireto kai tsaye, da an murɗa makulli ta kama juyawa har sai an kashe. Hujjarmu ita ce Bature don ƙasar sanyi ya ƙera motarsa, bai san zafin ranarmu ba. Ba wanda ya taɓa tambayar mu inda muka karanto wannan, mu ma ba mu tambayi kanmu ba.

A lokacin kaina ya yi girma. Daga Kagoro har Samaru Kataf, in wuta ta rikice a mota ni ake nema, ni kuma na saba in faɗi ciwon mota tun kafin a ɗaga bonet. Mutane na son haka, ni ma ina so.

Akwai wata tsohuwar hedimistires a Kagoro, kowa Mama yake ce mata. Ɗanta ya aiko mata da mota daga Turai, doguwa, mai giya otomatik. Direbanta wani dattijon Bafulatani ne daga wajen Manchok, shi ya tuƙa mijinta a tsohuwar Fijo har Allah ya yi masa rasuwa, ya ci gaba da tuƙa ta. Baffa nake ce masa. Shi ya kawo mini motar in haɗa fanka.

Ina neman wayar da zan ɗebi wuta, sai na ga wasu sirara guda biyu an murɗe su da juna kamar igiya. Na sa reza na fere ɗaya, na ɗora mata testa, wato 'yar fitilar da muke gwada wuta da ita. Ta ɗan yi ja kamar za ta kama, ta fasa. Na yi tsaki, na naɗe wurin da salatif, na samo wuta a wani gefen. Kafin la'asar na manta da zancen.

Damina ta yi nisa sai ga motar ta dawo. Tun daga bakin titi muka ji ihun injin. Giya ta maƙale a wuri ɗaya ta ƙi canzawa, allurar gudu ta kwanta, fitilun dashbod sun kama kamar ana biki. Mama ta fito da lemarta, ranta a ɓace.

Na tambayi Baffa, “Ruwa ya taɓa ta?”

Mutumin bai iya ƙarya ba. Ya ce ranar Asabar ya wanke injin a rafi, kamar yadda ya saba yi wa Fijo shekara da shekaru.

Na ce, “Shi ke nan. Ruwa ya shiga birenbos.” Birenbos shi ne akwatin da ke yi wa irin waɗannan motoci tunani, kuma a lokacin duk abin da ya gagare mu a kansa muke ɗorawa. Ko bonet ban ɗaga ba na faɗi haka, a gaban duk 'yan gareji.

Mama ta juya kansa. “Ka ji ko? Sau nawa na gaya maka wannan mota ba irin na maigida ba ne? Ka tsufa, ba ka jin magana. In ɗana mai wayarin ɗin nan ya duba ya ce ruwa ne, ka ajiye mini ki. Yaron sistana yana da lasin.”

Baffa ya juyo gare ni. Ya miƙo mini makullin, ya bi ta a baya suka tari motar haya.

Na kwance akwatin da ke kula da inji, na same shi a bushe ƙayau. Na laluba na gano ashe giya ma tana da nata akwatin, shi ma ko raɓa babu. Na cire fis ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Na kankare kan batir, na ƙara ɗaure wayar as, wadda ke haɗa batir da jikin mota, na tayar, ba abin da ya canza. Kwana uku ina zagaya motar nan. In na zauna cin abinci sai in tashi da loma a baki in koma in ɗaga bonet, in tsaya ina kallo kamar ita za ta gaya mini. Maƙwabcina mai gyaran lagireto yana ta tsokana, wai 'yar Turai ta fi ni boko. Da ƙyar na hana kaina jifan sa da sifana.

Tun ranar farko na san ba ruwa a akwatunan. Kagoro ba nisa, da na hau babur na je na faɗa. Ban je ba. Na ce wa kaina sai na gano ainihin ciwon tukuna, alhali abin da nake tsoro shi ne a ce na yi magana ba daidai ba.

Rana ta huɗu na ja motar zuwa Jos, wurin wani mutum da aka ce yana da na'urar da ke karanta cikin mota. Hawan dutsen nan da giya ɗaya, injin na kuka, manyan motoci na wuce ni suna zagi, ban taɓa jin tafiya ta yi mini tsawo haka ba. Mutumin ya jona na'urarsa, ya daɗe yana latse-latse.

Ya ce, “Oga, akwatin inji lafiya, akwatin giya lafiya. Amma ba su magana da juna.”

Na ce, “Magana kuma?”

Ya yi mini bayani. Inji ne ke gaya wa giya irin gudun da yake yi, ita kuma ta san lokacin canzawa. In ba ta ji daga gare shi ba sai ta tsaya a wuri ɗaya don kada ta lalata kanta. Ya ce saƙon ta wasu siraran wayoyi biyu yake bi, an murɗe su tare, kuma wutar cikinsu ba ta isa ta kunna fitila ba. “Ka je ka bi waya, wani wuri ya yanke.”

Yana cewa an murɗe su tare na tuna wayar da na fere. Ban bari ya ga fuskata ba. Sai da na fita daga gari na tsaya a gefen titi, na ɗaga bonet, hannuna ya tafi wurin kai tsaye. Salatif ɗina ne, naɗina ne, ko a ina na gan shi zan gane. Na warware. Wayar ta yi kore shar, ina taɓawa ta rabu biyu. Rezata ta cinye rabin zaren cikinta, danshi ya ƙarasa sauran.

Na yanke ruɓaɓɓen, na haɗa, na sake murɗe su yadda na same su. Ina tayarwa fitilu suka mutu, allura ta tashi. Motar ta gangaro da ni gida tana canza giya sumul, ni kuwa ko kaɗan ban ji daɗi ba.

Da na kai ta Kagoro, Mama ta tare ni a ƙofa. “Ɗana, ruwa ne ko?”

Na ce, “Danshi ne ya ci waya, Mama.” Ko kalma ɗaya ba ƙarya a ciki, kuma na san sarai abin da za ta fahimta. A gabana ta miƙa wa yaron 'yar'uwarta makullin.

Mako guda na yi ba ni da sukuni. Na haɗa wa wani hon ya koma fitila, na yi faɗa da matata a kan gishiri. Ranar Lahadi na jira aka taso daga coci, na sami Mama a gida, na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallona ta saman gilashinta.

Ta ce, “Ni ka zo ka gaya wa? Ni ma na yi nawa laifi, na ci mutuncinsa gaban mutane.” Ta shiga ta ɗauko makullin ta sa mini a hannu. “Je ka same shi. Ka ce Mama yana roƙo.”

Na same shi a gonarsa bayan Manchok, yana cire ciyawa a kunyar citta. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa tun daga reza har Jos. Bai daina aikinsa ba sai da na gama.

Ya ce, “Na sani. Ina tsaye a kanka ranar. Na ga ka fere, na ga ka rufe.”

Na ce, “Baffa, to me ya hana ka faɗa?”

“A gaban Mama da 'yan gareji? Kai da bakinka kake cin abinci, ga yara ƙanana. Na ce yaron nan zai duba ya gani, zai zo da kansa.” Ya share hannu a rigarsa. “Kullum na ji ƙarar babur sai in fito bakin hanya. Da na ji an ba wani makulli, na daina fitowa.”

Na miƙa masa makullin da hannu biyu. Ya dube shi, bai karɓa ba.

“Ka ce wa Mama na gode, ba komai a raina. Ai gaskiya ta faɗa, na tsufa.”

Ya sunkuya ya ci gaba da cire ciyawa. Na yi ta tsayuwa a gonar da makulli a hannu, kunya ta hana ni tafiya. Har ya rasu ban sake ganin sa a bayan sitiyari ba.