Kawu Sale da Ɗan Beljiyam

Jama'a, ku matso ku ji! Yau Kawu Sale ya nemi Beljiyam a Greensboro, kuma wallahi ya samu!

Famfon ruwan motata ne ya mutu, ga shi gobe ina da aiki a Summerfield. Kawu, da ya zo mana ziyara daga Kano, ya ce sai ya raka ni shagon kayan mota kada a cuce ni. Baturen shagon ya dire mana kwali biyu, na kamfani da na kwaikwayo mai araha.

Kawu ya ture duka. "Gaya masa ɗan Beljiyam muke so."

Na ce, "Kawu, a gida ne ake kiran orijina na hannu da wannan sunan."

"Kai dai faɗa masa!"

Na faɗa. Bature ya ɗaga gira, ya juya kwalin kamfani. Taiwan! Kawu ya yi salati ya ja da baya. Aka juya na kwaikwayon. Jama'a, ƙirar Beljiyam, an rubuta ɓaro-ɓaro! Ni har na fara tsalle!

Kawu ya zaro famfon, ya shinshina, ya goga yatsa. Tas, ko ɗigon baƙin mai babu.

Ya ce, "Ƙarya ne. Ɗan Beljiyam ba ya zuwa da wanka."

Ƙarshenta sai makabartar motoci muka je, can McLeansville. Kawu ya shige ƙarƙashin wata matacciyar mota da farin kaftaninsa. Can sai na ji ihu:

"Alhamdu lillahi! Ga na gaskiya nan, har da tsatsarsa!"