Wasalin da Ya Kira Motar Asibiti

Doguwa ake ce mata tun tana ƙarama. Shekara ashirin tana ɗinki, har idonta ya daina ganin kafar allura, sai ta koma kula da wasu tsofaffi, mata da miji, waɗanda ba sa jin wani harshe sai Sifaniyanci. Nata Sifaniyancin kuwa tsince-tsince ne na wata biyar.

Kullum da azahar 'yarsu takan bugo daga wurin aiki ta ji lafiyarsu. Tun kafin wayar ta yi ƙara Doguwa take jera kalmomi a ranta.

Wata rana tsohuwar ta tashi da zazzaɓi, ta ƙi abinci. Da 'yar ta bugo, Doguwa ta ce, “Está enfermo. Muy cansado.” Nufinta ba lafiya, jiki duk ya mutu. Ba ta lura ba cewa wasalin o ɗin da ta ƙare kalmomin da shi na namiji ne, ga tsohon kuma da ciwon zuciya. 'Yar ta katse wayar, ta kira motar asibiti. Ma'aikatan asibiti suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya, suka tarar da tsohon zaune yana ɓare lemo.

Tsohuwar ta sami magani, amma 'yar, wadda ta garzayo gida, ta tafi ba ko sallama. Kwana uku Doguwa tana jiran a kore ta.

A rana ta huɗu tsohon ya kira ta teburin cin abinci. Ya nuna kofi ya ce blanco, ya dafa kujera ya ce blanca. Sai ta ce a ranta, ashe fari da fara ne, dogo da doguwa. Abin da take yi tun tana koyon magana shi ya kusa raba ta da aiki.

Murnarta ba ta daɗe ba. Verde, wato kore, ba ya canzawa, jam'i na neman s, hannu kuma mano ne, ya ƙare da o amma mace. Ta tambaye shi dalili da 'yan kalmominta.

“Shekara tamanin ina faɗa, ban taɓa tambaya ba,” in ji shi.

Ba a kore ta ba. 'Yar ta dai roƙe ta, kafin ta faɗi komai, ta fara cewa Mama ko Baba.