Fatakar Cibiya

A gidanmu na unguwar Lamorde, cikin Mubi, akwai wata fataka ta azurfa, tsohon kuɗin Turawan Ingila, wadda a iya sanina ba a taɓa sayen komai da ita ba. Aikinta ɗaya ne. In cibiyar jariri ta ɓullo, Inna takan wanke ta, ta naɗe a tsumma, ta ɗaura masa a ciki. Duk unguwa ake aronta, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci. Ban ce tana magani ba. Na yi karatu, na kuma ji ma'aikatan asibiti na cewa cibiya da kanta take komawa. Amma ranar da muka gudu daga Mubi, Inna ta bar awakinta, ta ƙulle fatakar a bakin zane.

Bayan mun dawo aka haifa mini 'ya, cibiyarta kamar ƙwan zabo. Sai Inna ta tuna maƙwabcinmu, wani tsohon ma'aikaci mai tara tsofaffin kuɗi, ya ari fatakar don jikansa. Jikan nan kuwa yana Yola, har ya fara tafiya.

Na je. Ya nuna mini akwatin gilashi, sulalla da sisi a jere, tamu a tsakiya.

"Ɗana, kai mai ilimi ne. Dubi kan sarkin, duk ya shafe. Gumin jarirai ya cinye darajarta. Nan ta fi samun kulawa."

"Wataƙila haka ne, Baba, amma in ba ta da daraja..."

Ya miƙo mini murfin kwalba. "Wannan ma zai danne cibiya."

Murfin kwalba, ga 'yata! Mutumin da ɗansa na fari ma da fatakar nan aka ɗaure wa cibiya!

Inna ta saurare ni, ta goya jaririyar, ta bi gida-gida. Da la'asar ƙarti sun cika ƙofar gidan tsohon: tela, mahauci, masu gyaran babur, duk waɗanda aka ɗaura wa fatakar suna jarirai.

"Malam, fito ka yi wa fatakar kuɗi!" in ji Inna. "Ku kuma ku ɗaga riguna."

Mahaucin ya bugi tumbinsa. "Baba, kan sarkin da kake nema, nan ya ƙare!"

Ta taga tsohon ya miƙo fatakar, ko fitowa bai yi ba.

Cibiyar ta koma. Ko fataka ce ko lokaci, ba zan rantse ba. Murfin dai na mayar masa da hannuna.