Lofen Mamaci

Ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai kamar gyaran lofen nan ba, kuma har in mutu ba zan manta shi ba. Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki ne. Ina da tebur a unguwar Agege a Ikko, ina sayar da taba da goro, ina kuma ɗan gyara wa masu gadin Ikeja lofensu idan ya toshe.

Wata ranar Laraba da la'asar wani dattijo ɗan dako daga kasuwar Mile 12 ya zo ya tsuguna gabana. Ya kwance ƙyalle, sai ga lofe na katako, ya yi baƙi don tsufa. Bututun ya fito rabi ya karkace, ya ƙi shiga, ya ƙi fita.

"Na ƙanena ne," in ji shi. "Rigimar kasuwa ta tafi da shi. Gawar ma ban gani ba. Wannan na samu ƙarƙashin tabarmarsa."

Motar tumatir za ta koma Arewa da asuba, yana so ya miƙa wa matar mamacin lofen yadda ta san shi a bakin mijinta.

Danshin Ikko kumbura katako yake yi. Maganinsa haƙuri: a bar shi ya sha iska, a murɗa a hankali, in ya fito a goga masa bakin fensir a mayar. Na gaya masa haka.

Ya ce, "Ɗan nan, mu gidan maƙera muka tashi. Abin da ya cije, wuta ake nuna masa."

Na ce, "Baba, wannan ba ƙarfe ba ne."

"Kai dai sayar da goronka."

Mai sayen sigari ya ɗauke mini hankali. Ina juyowa na hango shi wurin mai shayi, ya kara lofen a bakin wuta. Na yi ihu, amma ya riga ya kama shi da hannuwan nan nasa masu ɗaukar buhu, ya murɗa. Ƙas! Wuyan katakon ya tsage gida biyu.

Bai yi kuka ba. Ya dinga haɗa ɓarin biyu suna rabuwa, yana cewa, "Shi ma haka na matsa masa ya biyo ni Ikko." Sannan ya ajiye su kan teburina ya tafi, ko ƙyallen bai ɗauka ba.

A ranar na gane mai baƙin ciki ba ya iya jira, kuma ba a barin abu mai rauni a hannunsa, ko nasa ne.

Washegari ina idar da sallah na shafa wa lofen gam, na naɗe wuyan da siririyar waya, na hau acaɓa zuwa inda motocin tumatir ke lodi. Motarsu ta riga ta tashi. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta dattijon, har na samu wani ɗan garinsu, na damƙa masa, na ce kada kowa ya murɗa shi.